Haɗa Runduna a Wasan Yaƙin Dodanni na Intanet: Nazari a kan Gasar Pokémon

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wata gardama da ta taso tsakaninmu da wasu abokan aikinmu malamai, a kan ko wasannin da samari ke bugawa a wayoyi da kwamfutoci suna da wani abin nazari a cikinsu, ko kuwa ɓata lokaci ne kurum, kamar yadda iyaye da yawa ke gani, har wasu na jingina su ga caca. Duk wanda ya zaga Gaya ko Ajingi da yamma ya san cewa wasan da ya fi karɓuwa wurin samari shi ne ƙwallon ƙafa na PlayStation, wanda ake biya a buga a shaguna masu janareta. To amma akwai wasu 'yan ƙalilan, galibi ɗaliban manyan makarantu da ke dawowa gida hutu, waɗanda suka karkata ga wani wasa dabam, inda mutum ke tara dodanni shida ya kara da wani mutum da bai taɓa gani ba ta hanyar intanet. A kan wannan wasa za mu yi magana.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa kaso mai yawa na nasara a wannan wasa ana samun sa ne tun kafin a shiga fage, watau a lokacin haɗa runduna, kuma haɗa runduna ba tara ƙarfafa ba ne. Sai dai muna neman afuwar mahalarta game da kalmomin da za su ci karo da su. Yawancinsu mu muka ƙirƙiro su, domin ba mu tarar da na Hausa ba, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda ya ga waɗanda suka fi su dacewa. Sunayen dodanni da na dabaru kuwa mun bar su yadda masu wasan suka raɗa musu.

2.0 Asalin wasan da yadda ake buga shi

Sunan Pokémon taƙaitawa ce ta wasu kalmomi biyu masu ma'anar dodannin aljihu. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro wasan a ƙarƙashin jagorancin Satoshi Tajiri, mutumin da ya taso yana tara ƙwari, Nintendo kuma ya fitar da shi ranar 27 ga Fabrairu, 1996, da dodanni 151. A yau sun haura 1,000. Karawa ta intanet ta yaɗu ne da fitowar Diamond da Pearl a 2006, gasar duniya ta wasan bidiyo kuwa an fara ta a 2009. Ban da wasan kamfani, wanda sai da na'urar Nintendo ake buga shi, akwai wani dandali na kyauta mai suna Pokémon Showdown da masoya wasan suka gina tun 2011. Yana buɗewa a waya ko kwamfuta, kuma mutum na iya haɗa kowace irin runduna cikin 'yan mintuna. Shi samarinmu ke amfani da shi, mu ma a nan muka yi gwaje-gwajenmu.

A tsarin gasar duniya kowane ɗan wasa na zuwa da dodanni shida, a nuna wa juna, sa'an nan kowa ya zaɓi huɗu da zai shiga da su. Biyu ke tsayawa a fage, biyu na jira a baya. Ana daidaita kowane dodo a mataki na 50, ba a yarda a zo da iri ɗaya sau biyu ba, kuma wanda dodanninsa huɗu suka riga faɗuwa shi aka cinye. Wasan ba na saurin yatsa ba ne. A kowane zagaye 'yan wasan biyu na ba da umurni a asirce, na'ura ta zartar da su gaba ɗaya, dodon da ya fi sauri shi ke fara motsawa. Ta wannan fuska ya fi kusa da dara a kan ƙwallon ƙafa. Alƙaluman da za mu kawo nan gaba na wasannin Scarlet da Violet ne na 2022, domin kamfanin kan sauya wasu ƙa'idoji da kowane sabon fitowa.

3.0 Dangogi

Kowane dodo yana da dangi ɗaya ko biyu, haka kuma kowace dabarar kai hari tana da danginta. A 1996 dangogi 15 ne, aka ƙara biyu a 1999, aka ƙara ɗaya a 2013, suka zama 18. Akwai na wuta, na ruwa, na ciyawa, na lantarki, na ƙasa, na dutse, na ƙanƙara, na masu tashi sama, da sauransu. Tsakaninsu akwai rinjaye: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. Harin da ya rinjayi dangin dodo yana yi masa ɓarna ninki biyu, wanda aka rinjaya yana yin rabi, wani kuma ba ya tasiri ko kaɗan, kamar lantarki a kan dangin ƙasa, ko harin ƙasa a kan mai tashi sama. Idan dodo mai dangi biyu ne ana ninka lissafin, har ɓarnar ta kai ninki huɗu. Daɗin daɗawa, dodon da ya yi amfani da dabarar danginsa yana samun ƙarin rabi a kan ƙarfinta.

Bari mu ba da misali ɗaya cikakke. Dabarar girgizar ƙasa, wadda ake kira Earthquake, ƙarfinta 100 ne. A hannun Garchomp, wanda ɗan dangin ƙasa ne, sai ta zama 150. Da yake tana dukan kowa da ke fage, har da abokin tsayuwarsa, ana rage mata kashi ɗaya cikin huɗu, ta koma 112.5. In ta sami ɗan dangin lantarki ta zama 225, in kuwa mai tashi sama ne ta zama sifiri. Ke nan dabara guda na iya zama kisa ko ta zama iska, gwargwadon wanda ke tsaye a gabanta, da kuma wanda ke tsaye a gefenta.

A nan ne muka fara shan kashi, kuma ba za mu ɓoye ba. Da muka fara gwaji sai muka bi son rai, muka ɗauki shida daga cikin dodannin da suka yi suna: Charizard, Talonflame, Gyarados, Dragonite, Salamence da Garchomp. Wani ɗalibinmu ɗan Ajingi ya dubi jerin, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, a bari in gwada ku." Bai zo da komi ba face Tyranitar mai zubo duwatsu a kan dodanni biyu lokaci guda, da wani mai jifa da ƙanƙara. Biyar daga cikin shidanmu masu tashi sama ne, dutse na rinjayarsu duka, biyu ma ninki huɗu. Uku kuma ƙanƙara na yi musu ninki huɗu. Sau uku muka kara, sau uku ya share mu. Mutanen Gaya, garin da tarihin Kano ya ce daga cikinsa maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka zauna a Dala, ba sa bukatar a gaya musu cewa manomi ba ya zuwa maƙera ya sayo gatari shida don gatari ya fi nauyi. Yakan sayi garma da fartanya da lauje, kowanne da ranarsa.

Don haka matakin farko bayan an zaɓi dodanni shi ne a zana jadawali, dodanni shida a jere, dangogi 18 a tsaye, a duba ko akwai dangin da ke rinjayar uku ko fiye alhali babu ko ɗaya da zai iya tare shi. In an sami haka, rundunar na da ɓaraka, kuma wanda ya san wasan zai gan ta tun a lokacin nuna wa juna.

4.0 Ruwa da masu tsaronsa

Rufe ɓaraka kaɗai ba ya kawo nasara. Runduna na bukatar amsar tambaya guda: ta wace hanya za mu ci? Mun ga babu abin da ya fi bayyana wannan kamar wasan langa. A langa kowane ɓangare na da ruwansa, kuma cin wasa shi ne ruwa ya sha. Sauran 'yan wasan, komi ƙarfinsu, aikinsu shi ne su buɗe masa hanya, su tare masu neman kayar da shi. Ɓangaren da kowa ke son ya zama ruwa ba ya zuwa ko'ina. Haka abin yake a nan. Ana fara zaɓen dodo ɗaya ko biyu da za a ɗora nasara a kansu, sa'an nan a tambayi abin da zai hana su aiki, a cike sauran gurabe da masu kawar da wannan cikas.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya ci gasar duniya a birnin Washington a watan Agusta, 2014. Rundunarsa ta ƙunshi Garchomp, Gardevoir, Talonflame, Gothitelle, Gyarados, da wani ɗan ƙaramin dodo mai kama da kurege, Pachirisu. Idan aka tara alƙaluman ƙarfin Garchomp ana samun 600, na Pachirisu kuwa 405 ne kacal, kuma kafin wannan shekara ba a ɗauke shi a bakin komi ba. To me ya kai shi cikin rundunar zakaran duniya? Gyarados na cikin waɗanda Park ya ɗora wa nasara. Yana da wata rawa da ke ƙara masa ƙarfi da sauri, amma yana bukatar zagaye guda na sarari kafin ya yi ta, ga shi kuma ɗan dangin ruwa ne mai tashi sama, watau lantarki na yi masa ninki huɗu. Pachirisu na da dabarar Follow Me, ma'ana a biyo ni, wadda ke janyo duk harin da aka auna kan mutum ɗaya zuwa kansa. Yana kuma da baiwar da ke sa harin lantarki ya ƙara masa lafiya maimakon ya cuce shi. Saboda haka abokin karawa ya harbo lantarki don ya kashe Gyarados, sai ya ƙare da yi wa kuregen magani, Gyarados kuma ya yi rawarsa. Bugu da ƙari, Pachirisu na da dabarar da ke raba lafiyar dodo biyu komi girmansa, da wata mai sanƙarar da jiki ta rage sauri.

Akwai wani dalili kuma da ya kamata a lura da shi. A waccan shekara dodon da aka saba ba wannan aiki na janye hari shi ne Amoonguss, kuma da yake kowa ya san shi, kowa ya zo da maganinsa: wuta na rinjayarsa, masu tashi sama na rinjayarsa, hodar da yake janye hari da ita kuma ba ta aiki a kan dangin ciyawa. Pachirisu kuwa harin ƙasa kaɗai ke rinjayarsa. A ganinmu darasin ba cewa raunana sun fi ƙarfafa ba ne, kamar yadda wasu ke son su fassara labarin. Mutane da yawa sun kwaikwayi Pachirisu bayan 2014 ba su ga komi ba, domin sun ɗauki kuregen sun bar dalilin da ya kawo shi.

Ayyukan masu tsaron ruwa suna da yawa, ba za mu ƙididdige su duka ba. Akwai mai marin farko, wanda ke hana abokin gaba motsi a zagayen da ya shigo. Akwai mai baiwar tsoratarwa, wanda da shigowarsa ƙarfin dukan abokan gaba biyu ke raguwa da kashi ɗaya cikin uku. Incineroar ya haɗa waɗannan biyu, shi ya sa tun 2018 ya zama ruwan dare a duk gasar da aka yarda a zo da shi. Akwai kuma masu sauya yanayi, kamar Pelipper da ke saukar da ruwan sama na zagaye biyar, harin ruwa ya ƙaru da rabi, na wuta ya ragu da rabi.

5.0 Sauri da rabon makin horo

Kowane dodo na da alƙaluma shida: lafiya, wadda samari ke kira jini, da ƙarfin duka, da jure duka, da ƙarfin jifa, da jure jifa, da sauri. Mai runduna na da maki 510 na horo da zai raba a tsakaninsu, amma ba zai zuba fiye da 252 a wuri ɗaya ba. Yana kuma zaɓar wa dodo hali ɗaya cikin 25, kuma 20 daga ciki na ƙara kashi 10 cikin 100 a wani alƙalami su rage haka a wani. Sa'an nan ya ba shi dabaru huɗu kacal, da abu guda da zai riƙe, wanda muka ga ya dace mu kira laya, irin ta 'yan dambe. Ba a yarda dodanni biyu su riƙe laya iri ɗaya ba.

A cikin alƙaluman nan sauri ya fita dabam, domin shi ba a cin rabinsa. Garchomp da aka cika wa horon sauri yana kai wa 169 a mataki na 50, Charizard da Salamence kuwa 167. Tazarar maki biyu ce, amma ma'anarta ita ce Garchomp zai riga su motsawa kowane lokaci, kuma wanda aka kayar kafin ya motsa ƙarfinsa bai amfane shi da komi ba. In sauri ya zo daidai na'ura ke jefa ƙuri'a. Wannan ya sa gwanaye ba sa cika horon sauri haka kawai. Sukan duba wane dodo suke son su riga, su zuba abin da zai wuce shi da maki ɗaya, ragowar su kai wajen jure duka. Kuma kusan kowace runduna ta ƙwarai na da hanyar juya sauri: ko iskar baya mai ninka saurin ɓangarenta na zagaye huɗu, ko dabarar Trick Room mai kifar da tsari na zagaye biyar, mai nawa ya riga mai sauri, ko layar da ke ƙara rabin sauri amma ta ɗaure dodo a kan dabara ɗaya.

6.0 Sa'a da lissafi

Yanzu sai mu komo kan zargin caca. Gaskiya ne akwai sa'a a wasan. Kowane hari na yin tsakanin kashi 85 zuwa 100 na ƙarfinsa, sau ɗaya cikin 24 kuma yakan yi mummunan kamu mai ƙarin rabi. Wasu dabaru na kuskure. Amma mai haɗa runduna shi ke yanke yawan sa'ar da zai dogara a kai. Alal misali, dangin lantarki na da Thunderbolt mai ƙarfi 90 wadda ba ta kuskure a yanayin da aka saba, da Thunder mai ƙarfi 110 wadda ke samu sau 70 cikin 100. Sabon shiga yakan ɗauki mai 110. Da ya yi lissafi zai ga cewa matsakaicinta 77 ne, kuma damar ta samu sau biyu a jere kashi 49 ce, ba ta kai rabi ba. Amma a cikin ruwan sama Thunder ba ta kuskure, don haka a rundunar da ke da Pelipper ita ce daidai. Ba a sa kuɗi a dandalin da muka ambata, kuma da sa'a ce ke hukunci da Ray Rizzo na Amurka bai ci gasar duniya sau uku a jere ba, a 2010 da 2011 da 2012.

Malaman lissafi da ke wannan zaure za su lura cewa zaɓen huɗu daga shida hanyoyi 15 ne, zaɓen biyun da za su fara daga cikin huɗun kuma hanyoyi 6, jimla 90. Mun taɓa kawo wannan a aji a madadin misalin ƙwallaye masu launi a cikin jaka, kuma ɗaliban da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi ta gardama a kan amsar. Ga mai haɗa runduna kuwa amfanin lissafin shi ne ya gane cewa ba runduna ɗaya yake ginawa ba. Cikin hanyoyin nan 90 ya kamata ya san uku ko huɗu da ya haƙiƙance da su, kowace da irin abokin karawar da aka tanade ta dominsa. Dodon da aka buga wasa ashirin ba a fito da shi ba ya cinye gurbi a banza.

Sanin abin da mutane ke zuwa da shi ba ya bukatar duba. Ƙungiyar Smogon, wadda aka kafa a 2004, tana fitar da ƙididdigar dodannin da aka fi amfani da su a Showdown kowane wata. A manyan gasanni na ido da ido kuma, tun 2023, ana musayar takardar da ke nuna dabaru da layu da baiwar kowane dodo kafin a fara, amma ana ɓoye rabon makin horo. Wannan ya rage darajar rundunar da ta dogara ga mamaya, wadda dama ba ta wuce cin wasa ɗaya a karawar da sai an ci biyu cikin uku.

Akwai kuma abin da littattafan gwanayen Japan da Amurka ba za su gaya wa ɗan Gaya ba. Wasan na da agogo, kuma wanda layinsa ya yanke har lokacinsa ya ƙare an cinye shi, ko da shi ke kan gaba. Akwai salon runduna mai jan wasa, wadda ke jure duka tana warkar da kanta har abokin karawa ya ƙare a hankali, kuma a tsarin ɗaya da ɗaya irin wannan wasa na iya haura zagaye ɗari. Salo ne mai kyau ga wanda ke da tsayayyen layi da wuta. Ɗalibin nan namu da ya share mu ya ce ya daɗe da barin sa, domin a unguwarsu sai ya fita bakin titi yake samun layi mai ƙarfi, cajin waya kuma biya yake yi. Rundunarsa ta masu sauri ce da iskar baya, wadda a ci ko a cinye ta wasa ya ƙare cikin zagaye shida ko bakwai. Da muka koma muka gyara tamu, muka cire Charizard da Salamence, muka sa ɗan dangin ƙarfe mai tare dutse da ƙanƙara, da mai marin farko, sai muka ci shi wasa ɗaya cikin uku. Washegari ya dawo da wani ɗan dangin ƙasa a gurbin Tyranitar.